Gilashin Ƙarƙashin Matakala

Tsagar ta fara ne daga bangon ƙarƙashin matakala, kusa da mitocin wuta. Ranar da na fara ganinta siririya ce kamar silin gashi. Bayan ruwan da aka yi kwana uku ana zubawa, sai ga ta ta haura sama da kaina, kuma idan na sa farce yana shiga.

Gidanmu bene ne mai hawa uku, iyali shida ne muke haya a ciki. Mu muna hawa na farko, daidai kan shagon Baba, inda ya shekara talatin da ɗaya yana yanka gilashin taga da na hoto. Wata huɗu kafin nan aka rushe wani tsohon gareji a bayanmu, aka haƙa rami mai zurfi za a yi babban gini. Aka haƙa, aka kwashe motoci, ba a sake dawowa ba. Damina ta zo ta cika ramin, ruwan ya yi kore, yana kwance taku biyar daga bangonmu.

Wakilin mai gida, wanda kowa ke kira Gobe-da-safe saboda amsarsa ke nan ga duk ƙarar da aka kai masa, ya zo da bokitin fenti ya shafe tsagar. Kwana biyu ta sake fitowa ta cikin fentin. Daga nan Malama, mai koyarwa a firamare da ke zaune a hawa na uku, ta ɗauki jakarta ta tafi ofishin masu duba gine-gine, ta dawo da injiniya.

Dattijo ne gajere mai tocila a aljihu. Ya duba tsagar, ya zagaya baya ya daɗe yana kallon ramin. Da ya dawo mun taru a bakin matakala, ya ce a samo masa guntun gilashi mai tsawon yatsa biyu. Baba ya tafi saka taga a wani gida, don haka ni na je kwandon da ke ƙofar shago, inda ake zuba guntayen da ba su da amfani, na zaro ɗaya. Bakinsa ya yanke ni a babban yatsa. Na sa yatsan a baki na miƙa masa da ɗaya hannun.

Injiniya ya shafa gam a gefe biyu na tsagar, ya manna gilashin a gicciye.

Ya ce, "Gilashi ba ya miƙewa. In bangon nan ya motsa ko da kaurin takarda ne, zai tsage. Ranar da ya tsage a kira ni, kuma ranar kowa zai fita daga gidan nan. In ya kai sati biyu lafiya, sai mu yi maganar gyara kuna ciki. Wa zai riƙa dubawa?"

Malama ta nuna ni da haɓa. "Ga Shiru-shiru nan. Ta gama jami'a tana zaune a gida. Ba ta magana, amma ko allura ta faɗi a gidan nan ta gani."

Direba, maƙwabcinmu na hawa na biyu, ya ce, "To in ta gani, da wane bakin za ta faɗa mana? Sai dai ta rubuto mana wasiƙa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi ina kallon takalmina. Injiniya ya rubuta lambarsa a bayan littafina, ya tafi.

Kullum ƙarfe bakwai na safe nake sauka da fitilar waya. Rana ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku aka yi ruwa har magudana ta cika ta tumbatsa, amma da safe gilashin yana nan garau. Mutane suka fara sakin jiki. Direba in ya gan ni sai ya ƙame ya sara mini, "Sufeto, ina kwana? Ya gilashinmu?"

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don abin da gilashin ke faɗa daban, abin da gidan ke faɗa daban. Ƙofar banɗakinmu, wadda iska ma ke rufewa, ta koma sai an sa kafaɗa. Umma ta ce katako ne ya sha ruwa. Na zubar da ruwa a kicin ina wanke-wanke, maimakon ya bi ta wajen ƙofa kamar kullum, sai ya gangara lungun baya, wajen ramin. Na faɗa wa Umma, ta ce, "Ke dai tun da aka ba ki sarautar gilashin nan ba ki bar mu mun sha iska ba. Kawo tsumma ki goge."

Rana ta biyar da na durƙusa, sai na ji warin gam. Na danna farce a gefen gilashin, farcen ya nutse. Gam ɗin da ya kwana biyar ba ya yin haka. Na daɗe a durƙushe ina jin mitoci suna ƙara a kaina. Na hau sama na ɗauko kwalbar jan farce, na ɗiga ɗan ɗigo a kusurwar ƙasa ta gilashin, inda sai wanda ya kwanta a ƙasa zai gani.

Rana ta shida ɗigon yana nan. Da la'asar aka yi ruwa mai iska. Rana ta bakwai gilashin yana nan lafiya lau, yana ƙyalli, babu ɗigo.

Ashe tsagewa yake yi, wani yana cirewa yana manna sabo kafin in sauko.

Ban kira injiniya ba. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. Me zan ce masa? In ce ɗigon jan farcena ya ɓace? Ina hango shi ya zo ya ga gilashi lafiya, ya dube ni, Direba yana gefe yana dariya. Sai na ce bari in fara sanin ko wane ne.

Daga ranar na daina ganin maƙwabtanmu yadda na saba. Kwandon guntaye a waje yake kwana, kowa zai iya sa hannu. Gam kuwa a kowane kanti ana sayarwa. Direba yana fita tun gari bai gama wayewa ba, kuma matarsa tana da tsohon ciki, yau ko gobe. Ina zai kai ta in aka ce a fita? Da ya sara mini da safen nan, hannunsa na kalla ko zan ga gam a yatsunsa. Malama, wadda ita ta kawo injiniya, ta tare ni a matakala ta yi ƙasa da murya.

"Shiru-shiru, a ce ma ya tsage, ai ba dole sai a ranar ba, ko? 'Yata za ta fara jarrabawa ranar Litinin. Ki fara faɗa mini kafin ki kira kowa."

Na ce to. Na tsaya ina jin takun sawunta har hawa na uku.

Amma wanda zuciyata ta fi tsayawa a kansa Gobe-da-safe ne. Mutumin da sai an yi ta kira kafin ya leƙo, yanzu kullum yana gidan. Da rana na same shi a ƙarƙashin matakala ya tsuguna. Yana ganina ya miƙe har ya bugi kansa da bene.

"Mita nake dubawa," ya ce, yana sosa kai.

Duba mita ba aikinsa ba ne. Kuma mutumin da ya shafa wa tsaga fenti, me zai hana shi canza gilashi?

Da yamma na shiga shago. Baba yana tsaye a bakin babban teburinsa mai shimfiɗe da tsohon bargo, ya ɗora gilashin hoto yana bin gefensa da yatsa. Tun ina ƙarama yake kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, zo karanta mini awon nan. Ƙwan fitilar shagon nan ya ragu, sai an canza."

Na karanta masa. Ƙwan ni na sa shi watan jiya, yana haske har yana kashe ido, amma a lokacin hankalina yana wani wuri. Na kwashe komai na faɗa masa: warin gam, ɗigon jan farce, Gobe-da-safe a tsugune.

Bai ɗago ba. Ya ja abin yanka a kan gilashin, ya ɗan danna, ya rabu biyu. Ya ɗauki dutsen guga ya tsoma a ruwa ya fara goge bakin. Wannan ƙarar, shuu, shuu, da ita na tashi. Ko gilashin da za a sa cikin firam, wanda ba hannun da zai taɓa bakinsa, sai Baba ya goge shi. Yakan ce gilashin da ya fita daga hannunsa ba ya cizo.

Ya ce, "Jan farce ai yana goguwa, Uwata. Wurin da danshi."

"Baba, gam ɗin sabo ne."

"Kada ki ɗora wa bawan Allah abin da ba ki gani da idonki ba. Saura kwana nawa?"

"Bakwai."

"To ki yi haƙuri su cika."

Na ce zan riƙa shigo da kwandon guntaye cikin shago in an tashi. Ya ce hakan ma ya yi. Ni na ja shi ciki da hannuna, na ga ya sa kwaɗo. Sannan na koma ƙarƙashin matakala na ja siririn layi da alƙalami a ƙasan gilashin, na ɗauki hotonsa a waya.

Rana ta takwas layin yana nan. Aka wuni ana yayyafi, ruwan ramin ya ƙara hawa har ya rufe ƙarafunan da aka bari a tsaye. Rana ta tara na sauka, na kwanta a ƙasa da fitila. Babu layi.

Raina ya ɓaci. Wato Gobe-da-safe ya tanadi guntaye tun kafin in ɓoye kwandon. Na ce yau ko zan mutu da kunya sai na ɓamɓare gilashin nan na kai wa injiniya da ɗanyen gam ɗinsa. Na kai hannu a hankali, don yatsana bai gama warkewa ba, na kama bakin gilashin ina jiran ya cije ni.

Bai cije ni ba. Na bi bakin da yatsa, sama, ƙasa, gefe da gefe. Sumul kamar bakin kofi. Har kusurwoyin huɗu an kashe musu tsini.

Na zauna a kan simintin. Wanda ya saci guntu a kwando ba zai tsaya goge baki ba. A duk layinmu mutum ɗaya ne ba zai iya manna gilashi ya bar shi da haƙora ba, ko da a ɓoye yake yi, ko da yana sauri.

Shagon a buɗe yake, Baba yana shara. Na tsaya a ƙofa. Ban san da wace kalma ake fara irin wannan magana da uba ba, sai kawai na ce, "Baba, bakinsa a goge yake."

Tsintsiyar ta tsaya. Ya jingina ta da bango. Ya ɗaga hannayensa yana dubawa kamar na wani ne, sannan ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji.

"Hannun nan bai taɓa rufa mini asiri ba."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ba tare da ya duba ba, ya jawo gwangwanin madara, ya juye a kan bargo. Baba ba ya zubar da gilashi. Ya jera guntayen bibbiyu. Na farkon mai kaifin baki, wanda ya yanke ni. Na biyu. Na uku mai jan ɗigo. Na huɗu mai layin alƙalami. Duk sun rabu a tsakiya.

"Sau huɗu, Baba? A kwana tara?"

"Na farko tun rana ta biyu."

"Mutum ashirin da uku ne ke kwana a gidan nan. Har da Umma. Har da mai ciki."

"Na sani. Ni ma a ciki nake kwana." Ya dafa teburin. "Kullum cewa nake wannan ne na ƙarshe, ruwa zai ɗauke, bango ya zauna."

"Saboda shago ne?"

Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa. Can ya ce, "Tsaya nan inda kike. Ɗaga hannu." Na ɗaga. "Ina ganin mutum a ƙofa. Ban san ko yatsa nawa kika ɗaga ba. Fuskarki ma da murya nake gane ta, ya fi shekara. Ummanki ba ta sani ba."

Na tuna awon da nake karanta masa, da ƙwan fitilar da kullum ya ragu.

"A nan ba wanda zai gane, Uwata. Taku shida daga ƙofa zuwa tebur. Matakala goma sha huɗu zuwa ɗakinmu, ta tara ta ɗan karye a baki. Na san inda kowane gilashi yake jingine da kaurinsa. In kuka fitar da ni daga nan, makaho za ku kai gidan mutane a ajiye a kan tabarma."

Na so in ce masa ba haka ba ne, amma ban san ko ba haka ba ne. Na ciro waya. Yana jin ƙarar dannawa, bai ce in bari ba.

Injiniya ya iso kafin ƙarfe tara. A waya na ce masa gilashin ya tsage sau huɗu, ana canzawa, ban ƙara komai ba. Ya danna gam ɗin da yatsa, ya sa tsinken ashana a tsagar, tsinken ya shige duka. Kafin ya miƙe gidan ya taru.

Malama ta ce, "Canzawa? Wa ke canzawa?"

Duk idanu suka koma kan Gobe-da-safe, wanda ya shigo yanzu da makullai a hannu. Direba ya yi tsalle ɗaya ya cakumi wuyan rigarsa.

"Kai! Fenti bai ishe ka ba? Matata na sama ko sunkuyawa ba ta iyawa, kai kana nan kana yi mana kwalliya a bango?"

"Wallahi dubawa kawai nake zuwa yi! Ni ma tsoro nake ji! Mai gida ya ce in riƙa faɗa masa!"

"Gobe da safe za ka faɗa masa, daga asibiti!"

Direba ya ɗaga hannu. Da na yi shiru, da shi ke nan. Ba wanda zai taɓa tambaya, ni kaina kwana biyu na yi ina zargin mutumin nan.

"Ba shi ba ne!"

Ban san muryata tana kai haka ba. Har ta dawo mini daga saman bene. Kowa ya juyo. Direba ya sake shi, bakinsa a buɗe.

"To wane ne, Sufeto?"

Sai na ji takun Baba a bayana. Ya ratsa mutane, ya miƙa gwangwanin wajen da ya ji muryar injiniya, ya ɗan kauce kaɗan, sai da injiniya ya matso ya karɓa.

"Ni ne. Ga su nan duka huɗun. Wakili, ka yafe mini."

Umma tana tsaye a matakala ta uku da ludayi a hannu, tana kallonsa kamar baƙo. Malama ce ta fara magana, a hankali. "Haba Mai Gilashi. Kai da ka yanka mini allon tebur ka ƙi karɓar ko sisi." Ba ta ƙarasa ba, ta juya ta hau sama haɗa kaya.

Injiniya ya ba mu awa biyu. Ya ce tufafi da takardu da magani, ban da jan kabad, ban da gudu a matakala. Direba da Gobe-da-safe ne suka sauko da mai ciki a kan kujerar roba, ɗaya a kowane gefe, ba mai kallon wani. Manyan gilasan da ke jingine a shago ba su ɗaukuwa a awa biyu. Baba ya zagaya su sau ɗaya yana shafawa, ya ɗauki abin yanka da dutsen guga da abin awo ya sa a aljihu. Ni na kulle shagon. Kafin in kulle na sa hannu a kwando na zari guntu ɗaya, na naɗe a takarda.

Gidan Yayata muka koma, can ƙarshen gari. Kwana shida bayan nan, da tsakar rana ana ruwa, bangon baya da matakalar gaba ɗaya suka zame cikin ramin. Mai kantin da ke tsallaken titi ya ce bayan rugugin ya lafa, an daɗe ana jin gilasai suna zubewa. Ba kowa a ciki. Da na faɗa wa Baba, sai ya tambaya ko matar Direba ta sauka. Na ce ta sauka, mace. Ya gyaɗa kai.

Umma ta yi sati ba ta yi masa magana in ba dole ba. A rana ta takwas ta ajiye masa shayi, ta kama hannunsa ta ɗora a kan kofin, ta ce, "Ga shi nan, sarkin ɓoye-ɓoye. Ranar Laraba za mu asibitin ido, kuma ba shawara nake ba." Likita ya ce yanar ido ce, ana iya aiki a ido ɗaya, ɗayan sai an gani.

Yanzu da safe nakan ji shi a tsakar gida yana ƙirga taku daga ƙofar ɗaki zuwa famfo. In na zo kama shi sai ya ce in bari, goma sha ɗaya ne, jiya ya yi kuskure ne kawai.

Shekaranjiya na ga wani siririn layi a bangon kicin ɗin Yaya, bayan firji. Mijinta ya ce fenti ne ya bushe, gidan sabo ne. Wataƙila haka ne. Na ɗauko guntun nan na kwance takardar. Baba yana zaune a bakin ƙofa, ya ji ƙarar gilashi a kan tebur, ya miƙo hannu.

"Kawo in goge miki bakinsa, Uwata, kada ya yanke ki."

Na ce, "A'a, Baba. A bar shi haka."